Yadda Carolina ta auna 'yan kwatabak a 2023, da abin da ma'aunin bai nuna mata ba

Ranar 10 ga Maris 2023, ƙungiyar Carolina Panthers ta sayi damar yin zaɓi na farko a diraft, wato zaɓen sababbin 'yan wasa na shekara-shekara na NFL, babbar gasar ƙwallon ƙafa irin na Amurka, daga hannun Chicago Bears. Abin da ta biya: gurbinta na 9 da na 61 a wannan shekarar, gurbin zagayen farko na 2024, gurbin zagaye na biyu na 2025, sannan ta ɗora da DJ Moore, wanda ya fi kowa iya cafe ƙwallo a ƙungiyar. Ta yi duk wannan ne saura kusan mako bakwai a yi zaɓen, kuma shugabanninta suna cewa ba su tsayar da wanda za su ɗauka ba tukuna. Wato sun biya kuɗin samun damar aunawa a tsanake, ba tare da fargabar wani zai riga su ba.

Ga wanda ya saba da ƙwallon ƙafar Turai, tsarin yana buƙatar ɗan bayani. A NFL ba a sayen matashi daga wata ƙungiya kamar yadda Real Madrid ko Chelsea ke yi. Matasan suna fitowa ne daga jami'o'i, ƙungiyoyi 32 su bi layi suna zaɓa a zagaye 7 cikin kwana uku, kuma wadda ta fi kowa shan kashi a kakar da ta wuce ita ke fara zaɓa. Chicago ta ci wasa 3 ta sha kashi 14, shi ya sa gurbin farko ya faɗo hannunta. Carolina ta ci 7, sai ta tsinci kanta a na 9, inda ba ta da tabbacin wani kwatabak na kirki zai kai.

Kwatabak shi ne wanda ƙwallo ke bi ta hannunsa a kusan kowane farmaki. Shi ke karɓar umarnin koci, ya faɗa wa sauran goma, ya dubi yadda abokan hamayya suka tsaya, ya canza dabara idan ta kama, sannan ya jefa ƙwallon cikin abin da bai kai daƙiƙa uku ba, kafin ƙarti su rufe shi. Babu wani matsayi a wasan da ya kai shi tasiri, kuma babu wanda ƙungiyoyi suka fi yin kuskure wajen zaɓensa.

Akwai dalilin kuɗi da ke sa a yi irin wannan kasada. Kafin 2011, sabon ɗan wasa kan karɓi abin da ya ga dama: Sam Bradford, wanda aka fara zaɓa a 2010, ya sa hannu a kan dala miliyan 78 na shekara shida bai taɓa buga wasa ko ɗaya ba. Yarjejeniyar 2011 tsakanin masu ƙungiyoyi da ƙungiyar 'yan wasa ta ƙayyade albashin sababbi, har Cam Newton, wanda Carolina ɗin ce ta ɗauke shi a gurbin farko a shekarar, ya samu kusan miliyan 22 na shekara huɗu. A 2023 kwantiragin gurbin farko ya kai kusan miliyan 38 na shekara huɗu, da damar ƙungiya ta ƙara masa shekara ta biyar. A wannan shekarar kuwa Joe Burrow, kwatabak ɗin Cincinnati, ya sabunta nasa a kan miliyan 55 duk shekara, alhali iyakar abin da aka yarda kowace ƙungiya ta kashe a albashin 'yan wasanta duka miliyan 224.8 ne. Ƙungiyar da ta dace da matashin kwatabak nagari tana da rarar sama da miliyan 40 a shekara da za ta sayi masu kare shi da masu cafe masa ƙwallo. Wannan rarar ita ake bi, kuma shekara huɗu zuwa biyar kawai take yi.

Carolina ta gaji da faci. Bayan Newton ta gwada Teddy Bridgewater a 2020, Sam Darnold a 2021, Baker Mayfield a 2022, babu wanda ya zauna. Mai ƙungiyar, David Tepper, ya ɗauko Frank Reich, tsohon kwatabak, ya ba shi koci, aka kewaye shi da Josh McCown da Jim Caldwell da Thomas Brown, tare da babban manaja Scott Fitterer. A takarda dai da wuya a tara idanun da suka fi waɗannan sanin matsayin.

Mutum huɗu ne a gabansu: Bryce Young na Alabama, C.J. Stroud na Ohio State, Anthony Richardson na Florida, da Will Levis na Kentucky.

Aunawa tana farawa ne tun kafin jama'a su fara hayaniya. Kowace ƙungiya tana da masu farautar 'yan wasa da aka raba wa shiyyoyi, suna zaga jami'o'i daga Agusta zuwa Disamba. Rabin aikinsu kallon atisaye ne, rabin kuma tambaya: me mai kula da kayan wasa ke cewa game da yaron, me mai ba da horon ƙarfi ke cewa, ƙarfe nawa yake zuwa ɗakin nazarin bidiyo, yaya yake idan an sha kashi. Daga nan sai bidiyo, kuma ba irin wanda ake nunawa a talabijin ba. Ana amfani da wanda aka ɗauka daga sama, mai nuna 'yan wasa 22 gaba ɗaya, a bi kowace jifa ɗaya bayan ɗaya ana rubutawa. Ba a tsaya kan an cafe ko ba a cafe ba. Ana duba inda ƙwallon ya sauka a jikin mai cafewa, ko ya ba shi damar ci gaba da gudu ko ya sa shi tsayawa. Ko an saki ƙwallon kafin mai cafewa ya juya ko sai da aka ga ya kuɓuta. Ko mutum na farko da aka tsara ne aka jefa wa ko sai da ido ya kai ga na biyu da na uku. Sai a ware jifan da aka yi cikin matsi daban. Nan ne ake cewa ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, domin kusan kowane kwatabak na babbar jami'a yana burgewa idan babu mai taɓa shi.

Akwai ƙididdiga ɗaya da masu nazari suka fi yarda da ita fiye da yawan yadin da aka jefa: a cikin lokutan da aka matsa wa kwatabak, sau nawa aka kai ga kayar da shi da ƙwallo a hannu. Jama'a kan ɗora laifin kayarwa kan 'yan katangar da ke gabansa, amma babban kaso nasa halin kwatabak ɗin ne, ko yana riƙe ƙwallo fiye da kima, ko bai iya jefar da shi waje ya haƙura ba. Halin nan yakan biyo mutum daga jami'a zuwa NFL.

Matsalar bidiyon ita ce ba yaron kaɗai yake nunawa ba. Yana nuna yaron ne a cikin gidan da ya taso, kuma raba su shi ne mafi wuya a duk aikin. Stroud ya yi shekara biyu yana jefa wa Garrett Wilson, Chris Olave, Jaxon Smith-Njigba, Marvin Harrison Jr. da Emeka Egbuka, kuma dukkansu biyar daga baya a zagayen farko aka zaɓe su. Idan mai cafewa ya bar mai gadinsa da yadi uku, jifar ba ta gaya maka komai game da abin da zai faru a NFL, inda tazarar takan zama taku ɗaya. Masu sukar Stroud sun ce ba a cika ganinsa yana ƙirƙirar wani abu ba idan tsari ya wargaje. Masu goyon bayansa kuma suka ce ba a cika tilasta masa ba ne, suka nuna wasan 31 ga Disamba 2022 da Georgia, zakarun ƙasa, inda ya yi ta zillewa yana jifa a guje, ya tara yadi 348 da tacdawun 4 (wato kai ƙwallo ƙarshen filin abokan hamayya a ci maki), duk da an ci su 42 da 41. Tambayar da ta rage wa ƙungiya ita ce ko wasa ɗaya ya isa hujja. Amsar da ta fi dacewa ita ce wasa ɗaya ba ya nuna mutum zai riƙa yi kullum, amma yana kashe zancen cewa ba zai iya ba, kuma zargin da ake yi wa Stroud na rashin iyawa ne.

Young ya zo da akasin haka. Ya lashe kyautar Heisman ta gwarzon ɗan wasan jami'o'i a 2021 da tacdawun 47, sannan a 2022, bayan Jameson Williams da John Metchie sun tafi, aka gan shi yana ɗauke da ƙungiyar da masu cafewarta ba su kai na da ba. Bidiyonsa cike yake da abin da ake nema a na Stroud ba a samu da yawa ba: kauce wa mai kawo hari da ɗan motsi kaɗan, ido yana gaba, jifa daga kusurwar da ba a zata ba. Ya kuma yi aiki a ƙarƙashin Bill O'Brien, wanda ya horar a NFL, aka ba Young ikon canza tsarin kariya da kansa a fili, abin da yawancin jami'o'i ba sa bari.

Wannan batu na ƙarshe ba ƙarami ba ne. A lokacin, a wasan jami'a ba a sa rediyo a hular kwatabak, sai a 2024 aka fara. Ƙungiyoyi da yawa sukan jera, kowa ya waiwaya gefen fili, koci ya karanta abokan hamayya ya ɗaga alama. A NFL koci yana magana a kunnen kwatabak, amma ana katse rediyon idan saura daƙiƙa 15 a agogon farmaki, daga nan shi kaɗai ne. Filin ma ya bambanta. Layukan tsakiya da ake ajiye ƙwallo a kansu suna da tazarar ƙafa 40 a jami'a, a NFL ƙafa 18 da rabi. A jami'a ɓangare ɗaya na filin yakan yi faɗi sosai, dole masu tsaro su nuna inda suka karkata tun kafin a fara. A NFL ƙwallo kusan kullum a tsakiya yake, masu tsaro suna iya ɓoye niyyarsu har sai an saki ƙwallon. Yaron da ya saba ganin amsa kafin a fara zai koma neman ta bayan an fara, da rabin lokacin da ya saba.

Sai Kombain, taron gwaji da ake yi a Indianapolis ƙarshen Fabrairu zuwa farkon Maris. Abin da kyamara ke nunawa, gudu da tsalle da jifa ba tare da mai tsaro ba, shi ne mafi ƙarancin amfani ga kwatabak. Masu amfanin suna bayan fage: binciken likitoci, da ganawar minti 18 da kowace ƙungiya ke da izinin yi da mutum 45. A ganawar akan zana wa yaro wata dabara a allo, a share, a ɗauke hankalinsa da wasu tambayoyi, sannan a miƙa masa alƙalami a ce ya sake zana ta ya bayyana aikin kowa. Akan kuma kunna masa mafi munin jifarsa a ga ko zai ɗauki laifin ko zai ɗora wa wani. Bayan haka akwai ranar gwaji a jami'ar kowane ɗan wasa, da baƙi 30 da aka yarda ƙungiya ta gayyato hedikwatarta. Tepper da kansa ya bi tawagar zuwa ranakun gwajin, kuma kasancewar mai ƙungiya a ɗaki tana canza yadda ma'aikata ke faɗin ra'ayinsu, ko da bai buɗe baki ba.

A Indianapolis aka auna Young: ƙafa 5 da inci 10 da ɗigo, kilo 92 da rabi, alhali jami'arsa ta rubuta shi ƙafa 6. Bai yi jifa a can ba, ya bari sai ranar gwajin Alabama. Stroud ƙafa 6 da inci 3, kilo 97. Gajerun kwatabak sun yi nasara a baya, Drew Brees da Russell Wilson da Kyler Murray, amma Wilson da Murray masu kauri ne, Young kuwa siriri ne, kuma ya riga ya rasa wasa ɗaya a 2022 saboda ciwon kafaɗa. Gajarta tana da farashin da ake iya lissafawa. 'Yan katangar NFL sukan kai ƙafa 6 da inci 5, don haka gajeren kwatabak ba ta saman kawunansu yake gani ba, ta tsakaninsu yake leƙe. Hari daga gefe yana iya kauce masa ta hanyar matsowa gaba. Hari ta tsakiya, wanda ke turo 'yan katangarsa cikin fuskarsa, shi ne ke rufe masa ido gaba ɗaya. Duk ƙungiyar da za ta ɗauki irin wannan ɗan wasa, dole mutum ukun da ke tsakiyar katangarta su zama ƙwararru. New Orleans ta daɗe tana zuba kuɗi a wannan wurin saboda kwatabak ɗinta Brees.

Richardson shi ne ya girgiza Kombain: ƙafa 6 da inci 4, kilo 110 da ɗoriya, ya yi gudun yadi 40 a daƙiƙa 4.43. Amma wasa 13 kawai ya fara a jami'a, kuma kashi 53.8 cikin 100 na jifansa aka cafe a 2022. Tsohuwar ƙa'idar da ake danganta wa tsohon koci Bill Parcells tana neman wanda ya fara wasa aƙalla 30 kuma aka cafe kashi 60 na jifansa. Abin da ya sa ake karya ƙa'idar shi ne Josh Allen, wanda ya bar Wyoming da kashi 56 ya zama gwarzo a Buffalo. Sai dai Mitchell Trubisky ma wasa 13 ya fara kafin Chicago ta ɗauke shi a gurbi na 2 a 2017 ta bar Patrick Mahomes, Trey Lance kuma 17 kafin San Francisco ta ba da gurbin zagayen farko uku a kansa a 2021. Ƙarancin wasa ba ya nufin yaro ba shi da kyau. Yana nufin ba a da isasshen abin dubawa, kuma za a koya masa a NFL abin da ya kamata ya koya a jami'a. Levis kuwa tun da wuri ya fara zamewa saboda yawan ba wa abokan hamayya ƙwallo da yawan kayarwa.

Ana dab da zaɓen sai sakamakon gwajin S2 ya fito ta bayan gida. Gwaji ne na kwamfuta da ke auna saurin gani da yanke shawara, wanda ya samu karɓuwa bayan an daina amfani da tsohon gwajin Wonderlic a Kombain a 2022. Rahotannin sun ba Young 98, Stroud 18. Masu kamfanin sun yi gargaɗi cewa ba duk lambobin da ke yawo ne daidai ba, amma zancen ya riga ya bazu. Hanyar da ta dace a yi amfani da irin wannan gwajin ita ce a koma bidiyo: idan lamba ta ce yaro yana jinkirin gani, a nemo jinkirin a fili. A bidiyon Stroud ba a ganinsa, domin sakin ƙwallo kafin mai cafewa ya juya yana daga cikin abin da aka fi yabonsa da shi. Idan lamba da ido suka saɓa haka, lambar ce ke da bayanin da za ta yi.

Ranar 27 ga Afrilu a Kansas City, Carolina ta ɗauki Young. Houston ta ɗauki Stroud a na 2, Indianapolis ta ɗauki Richardson a na 4, Levis ya kwana ba a kira shi ba sai washegari Tennessee ta ɗauke shi a na 33.

Zaɓen Young ba wauta ba ne, kuma masu nazari da yawa a lokacin shi suka sa a gaba. Inda Carolina ta gaza shi ne ta auna matasa huɗu da kyau ba ta auna kanta ba. Ta zaɓi wanda ya fi kowa buƙatar tsakiyar katanga mai ƙarfi da masu cafewa da ke kuɓuta da sauri, bayan ta ba da Moore a cikin kuɗin sayensa, ta kuma riga ta sayar da Christian McCaffrey, gwaninta na gudu da ƙwallo, a Oktoban 2022. Moore ya je Chicago ya tara yadi 1,364. A Carolina wanda ya fi kowa cafewa shi ne Adam Thielen mai shekara 33. Brady Christensen, ɗaya daga cikin masu tsaron tsakiyar katanga, ya ji ciwo a wasan farko ya tafi ke nan har ƙarshen kaka, Austin Corbett ya dawo daga ciwon gwiwa ya sake jin wani. Reich ya miƙa wa Brown kiran dabaru bayan an ci su shida a jere, ya karɓe bayan wasa uku, aka kori Reich ɗin bayan wasa 11. An kayar da Young sau 62, ya jefa tacdawun 11, abokan hamayya suka cafke 10. Ƙungiyar ta ƙare da nasara 2 da rashin nasara 15, ɗaya daga cikin nasarorin a kan Houston ɗin Stroud, 15 da 13. Gurbin 2024 da ta bayar ya zama na farko, Chicago ta ɗauki kwatabak Caleb Williams da shi. Fitterer ma ya rasa aikinsa a Janairu.

Stroud ya samu Laremy Tunsil yana kare bayansa, Nico Collins da Tank Dell suna cafewa, da tsarin kocin farmaki Bobby Slowik mai ba kwatabak amsa a tsakiyar fili. Ya jefa yadi 4,108, tacdawun 23, aka cafke masa 5 kawai, ya zama gwarzon sababbin 'yan farmaki, Houston ta doke Cleveland 45 da 14 a zagayen sili-ɗaya-ƙwale. Houston ba ta biya ko sisi ba don gurbin da ta ɗauke shi.

Wanda ya ce bambancin duk na 'yan wasan biyu ne, sai ya dubi waɗanda Carolina ta sallama. Mayfield ya koma Tampa Bay ya jefa tacdawun 41 a 2024. Darnold a wannan kakar ya kai Minnesota ga nasara 14. Dukkansu sun bi ta gidan da aka ce ba su da amfani. Wanda kuma ya ce duk laifin gidan ne, ya tuna cewa wasu daga cikin kayarwa 62 ɗin Young ne ya riƙe ƙwallo yana neman abin da a Alabama yake samu, kuma a farkon 2024 ƙafafunsa sun rikice har sabon koci Dave Canales ya ajiye shi a benci bayan wasa biyu ya sa Andy Dalton.

A bazarar 2024 Carolina ta yi abin da ya kamata ta yi shekara ɗaya kafin nan: ta ba Robert Hunt dala miliyan 100 na shekara biyar, Damien Lewis miliyan 53 na shekara huɗu, dukkansu don tsakiyar katanga. Da Young ya dawo fili a ƙarshen Oktoba, bayan Dalton ya ji ciwo a yatsa a haɗarin mota, sai aka fara ganin ɗan wasan da ke cikin bidiyon Alabama. A Houston kuma katanga ta tsage, aka kayar da Stroud sau 52, tacdawun ɗinsa ya sauka zuwa 20, waɗanda aka cafke suka hau 12. Richardson wasa huɗu ya buga a kakarsa ta farko kafin kafaɗa ta tsayar da shi, a ta biyu kuma jifansa bai kai kashi 50 ba. Doka ta ba kowace ƙungiya zuwa farkon Mayu bayan kaka ta uku ta yanke shawara kan shekara ta biyar, kuma da zarar ta amince, albashin wannan shekarar ya zama dole ta biya shi ko yaron ya buga ko bai buga ba.